Yadda Ake Zaɓen Suwic Mai Tudu Mai Rahusa Don Kibod Makanikal

Duk wanda abincinsa ke fitowa daga buga rubutu ya san yadda yatsu ke yi idan la'asar ta yi. Masu shagunan buga takardu da ke kewaye da Foli ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi sun sani, haka na Aliero, haka na Gusau da Ƙauran Namoda, musamman lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suka yi caa da firojet, kowa yana son nasa kafin Juma'a. Kibod ɗin da aka fi samu a shagunanmu na roba ne. Shimfiɗar roba guda ɗaya ce a ƙarƙashin dukkan madannai, kuma harafi ba ya fitowa sai ka danna har ƙasa. Kibod makanikal kuwa kowane madanni yana da nasa ɗan injin da ake kira suwic, mai sifirin a ciki, kuma harafi yana fita tun ana tsakiyar dannawa. Wanda hannunsa ya saba da wannan ba ya buƙatar dukan madannai, kuma gajiyarsa tana raguwa sosai.

Suwic iri uku ne. Akwai mai santsi, wanda ke sauka sumul daga sama har ƙasa, masu wasan kwamfuta sun fi son sa. Akwai mai ƙyas-ƙyas, wanda ke ƙara duk dannawa. Sai na tsakiya, mai tudu, wanda za ka ga an rubuta Tactile a kwalinsa. Shi wannan idan ka danna za ka ji yatsanka ya hau wani ɗan tudu ya sauka, kuma kusa da wurin ne harafi ke fita. Ga mai buga rubutu wuni guda, ni a ganina babu kamarsa. Kuma ba sai ka kashe kuɗi masu yawa ba. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya fito da ƙirar suwic da ake kira MX a farkon shekarun 1980, da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare sai kamfanonin China irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin irinta, farashi ya faɗo. Yau asarar da mutane ke yi ba ta tsadar suwic ba ce. Mutum ne zai sayi guda 90 a tashi ɗaya, su iso, ko dai su ƙi shiga kibod ɗinsa ko hannunsa ya ƙi su. Matakan da ke tafe an jera su ne don kauce wa wannan.

Mataki na farko: duba kibod ɗinka kafin ka duba kasuwa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Cire kibod ɗin daga kwamfuta, ka ɗage hular madanni ɗaya, misali ta Esc da ke can kusurwar hagu ta sama. Idan ka ga wata 'yar sanda mai kai kamar alamar tarawa ta lissafi, a cikin wani ɗan gida mai kusurwa huɗu, to kibod ɗinka na dangin MX ne, za mu iya ci gaba. Idan kuwa ƙullutun roba ka gani, to na roba ne, ko da yana da fitilu kala-kala kuma mai shago ya rantse maka makanikal ne. Irin wannan ba a canja masa suwic.

Daga nan sai ka gano yadda aka kafa suwic ɗin a jikin fanel, wato allon wutar da ke cikin kibod. Wasu an like ƙafafunsu da dalma, wasu kuma cusa su kawai aka yi a cikin 'yan soket, ana zarewa a mayar. Na biyun su ne ake rubuta wa Hot-swap a kwali ko a bayanin kaya. Idan an haɗo maka da wani ɗan hantsaki na ƙarfe mai lanƙwasassun baki biyu a cikin kwalin, alama ce mai kyau. Kada ka gwada da ƙarfi don ka tabbatar. Suwic ɗin da aka like da dalma idan ka fizge shi zai taho da hanyar wutar fanel, kibod ɗin ya nakasa. Nemi lambar samfurin da ke bayan kibod ɗin ka bincika a intanet.

Idan na dalma ne, ba a rasa yadda za a yi ba. Masu gyaran waya da ke kasuwannin Gusau da Birnin Kebbi da Jega suna da ƙarfen narka dalma, kuma hannunsu ya saba da abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Amma ka yi lissafi: kowane suwic ƙafa biyu ne, kibod mai madannai 87 ke nan wurare 174 za a narka a zuƙe dalmarsu, sannan a sake like 174. Aikin sa'o'i ne, kuma yana son wuta tsayayya. Idan ka haɗa kuɗin aiki da na suwic, sau da yawa gara ka ƙara kaɗan ka sayi kibod mai soket, wanda zai ba ka damar canjawa duk lokacin da ka so.

Ko mai soket ɗin ma ba duka ɗaya ba ne, kuma nan ne wurin lura. Da yawa daga cikin kibod masu araha, ciki har da tsofaffin samfuran Redragon, soket ɗinsu na Outemu ne, wasu 'yan bututu ne matsattsu da aka yi don siraran ƙafafun suwic na Outemu. Ƙafafun Cherry da Gateron da Kailh sun fi kauri, galibi ba sa shiga, idan ka tilasta kuma ko ƙafa ta lanƙwashe ko soket ya buɗe ya daina riƙewa. Zare suwic ɗaya ka leƙa ramin. Idan ka ga zoben ƙarfe zagayayye a bakin ramin, mai yiwuwa irin na Outemu ne, sai ka tsaya a kan suwic masu siraran ƙafafu. Idan ka hango ƙarfe kamar leɓɓa biyu a can ciki, a cikin baƙar roba da ke manne a bayan fanel, wannan irin na Kailh ne ko Gateron, yana karɓar kusan komai.

Tunda suwic ɗin yana hannunka, juya shi ka ƙirga ƙafafu. Mai ƙafa 3 yana da biyu na ƙarfe da wata babbar cibiya ta roba a tsakiya. Mai ƙafa 5 yana da ƙarin ƙanana biyu na roba a gefe da gefe. Idan fanel ɗinka yana da ramuka biyar, kowanne zai shiga. Idan uku gare shi kuma ka sayi mai 5, ba asara ba ce, ana yanke ƙananan biyun na roba da abin yanke farce, ba su da alaƙa da wuta. Sai dai yanke ƙafa biyu-biyu a suwic 87 aiki ne da za ka iya kauce masa tun wajen saye.

Akwai kuma waɗanda ba sa haɗuwa da dangin MX sam: masu aiki da haske da ake rubuta wa Optical, masu aiki da maganaɗisu, da gajeru na kibod marasa kauri. Kansu na iya yin kama da na MX, amma ƙasansu daban ne. Idan kibod ɗinka ɗaya daga cikinsu ne, irinsa kawai zai karɓa.

Mataki na biyu: ƙirga abin da kake buƙata

Cikakken kibod mai ɓangaren lambobi a dama yana da madannai 104 ko 105. Wanda aka cire wa ɓangaren lambobi 87 ne. Ƙananan kuma akwai mai 84 ko kusa da haka, da mai 68, da mai 61. Ƙara guda 5 zuwa 10 a kan adadinka saboda waɗanda ƙafarsu za ta lanƙwashe a hanya da waɗanda za su mutu nan gaba. Masu sayarwa sukan ɗaure su goma-goma, ko 35, ko 70, ko 90, ko 110. Akko kuma tana sayar da nata 45 a kwali.

Ga dabarar da ke rage kuɗi da kusan rabi. Ba dole ne ka canja duka ba. Haruffa 26 ne, lambobin layin sama 10, sai waƙafi da aya da alamar tambaya da madannin goge kuskure da 'yan kaɗan da hannu ke yawan taɓawa. Kwali ɗaya mai 45 ya ishe su. Layin F1 zuwa F12 da kibiyoyi da sauran na gefe ka bar musu tsofaffin suwic ɗinsu. Mai shigar da lambobi a ofishin kuɗi ko mai tattara sakamakon jarrabawa shi ne kawai zan ce ya haɗa da ɓangaren lambobin.

Mataki na uku: wane irin tudu, wane irin nauyi

Ana auna nauyin suwic da giram, wato nauyin da za ka ɗora a kan madanni kafin ya sauka. Giram 55 kusan nauyin ƙwan kaza ɗaya ne. Amma lambar da ke jikin talla tana ruɗarwa, domin wurare uku ake aunawa kuma kowane kamfani da wanda yake bugawa. Akwai nauyin daidai inda harafi ke fita, akwai nauyin ƙololuwar tudu, akwai na can ƙasa inda madanni ke tsayawa. Cherry MX Brown, wanda tun shekarun 1990 shi ne ma'aunin masu tudu, yana fitar da harafi a kusan giram 45, tudunsa kuma kusan 55 ne, yana sauka milimita 4, harafi yana fita a milimita 2. Akko CS Lavender Purple an rubuta masa 36, amma tudunsa ya kai wajen 50. Boba U4T kuma da ake sayarwa da lamba 62 ko 68, da Durock T1 mai 67, waɗannan lambobin na can ƙasa ne. Saboda haka wanda ya ajiye 36 kusa da 62 ya ce wannan ya kusan ninka wancan, ya auna abubuwa biyu daban ne. Abin da yatsanka zai fi ji shi ne ƙololuwar tudu, ita za ka nema a cikin bayanin kaya.

Siffar tudun ma ta fi lambar muhimmanci. A dangin Brown, ko na Cherry ne ko Gateron ko Outemu, madanni yana ɗan sauka tukuna, sannan ka ji ƙaramin tudu. Ƙarami ne ƙwarai, har idan kana gudu da rubutu yakan ɓace maka, sai ka ji kamar suwic mai santsi da ɗan yashi a ciki. Wannan ne dalilin da ya sa masu sha'awar kibod da yawa ke raina shi. Ni ba na raina shi. Ga wanda zai buga shafi 60 ko 70 a rana, sauƙin nan rahama ce, kuma ɗan yatsan ƙarshe da ke danna harafin a da Shift ba zai yi tsami ba.

Ɗaya dangin kuma su ne masu babban tudu da ke farawa tun daga sama, da ka taɓa madanni ka haɗu da shi: T1, da U4T, da duk masu bin sawun wani sanannen suwic mai suna Holy Panda, da Gateron Baby Kangaroo. Waɗannan ba ka kuskuren danna harafi don yatsa ya goge shi, kuma suna da daɗin taɓawa a mintunan farko, shi ya sa ake saurin faɗa musu. Bayan sa'a uku ne ake sanin gaskiyarsu. Mai nauyin hannu, wanda ya koyi bugu a tsohuwar tafireta ko ya saba dukan kibod na roba, zai ji daɗinsu. Mai sauƙin hannu, ko mai fama da ciwon gaɓoɓin yatsu, ko yaran da ake koya wa kwamfuta don jarrabawar JAMB, su tsaya a tudun da bai wuce giram 55 ba.

A tsakani akwai irin Akko V3 Cream Blue da Lavender Purple, tudunsu ya fi na Brown fitowa fili amma sifirin ɗinsu ba shi da nauyi. Idan aka ce in zaɓa wa wanda ban ga hannunsa ba, nan zan fara nuna masa.

Wani abu kuma da za ka gani a talla shi ne doguwar sanda. Wasu sababbin suwic an tsawaita ƙasan sandarsu, sai madanni ya tsaya da wuri, a milimita 3 da wani abu maimakon 4, da ƙara mai kaifi. Wasu na so, wasu kuma suna jin kamar an katse su. Duba jimillar nisan saukar a bayanin kafin ka saya.

Mataki na huɗu: ƙura

Masu yin bidiyon gwajin suwic a YouTube galibi suna zaune ne a ɗakuna rufaffu masu na'urar sanyaya ɗaki, ba su san hunturunmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shagon da ƙofarsa ke kallon titi a Argungu ko Talatar Mafara, ko ka share tebur da safe, kafin azahar ana iya rubutu da yatsa a kansa. Ƙurar nan tana bin gefen sanda ta shiga cikin suwic. Idan ta taru sai sauka ta yi ƙaiƙayi, idan kuma ta hau kan 'yan fallayen ƙarfen da ke haɗuwa su ba da wuta, sai ka danna harafi sau ɗaya ya fito biyu, ko ya ƙi fitowa.

Don haka a wurinmu ina fifita suwic ɗin da aka yi wa katanga kewaye da kan sanda. Za ka gane shi da ido: alamar tarawar tana zaune a cikin ɗan akwati ko tsakanin bango biyu, ba tsirara ba. Outemu tana da irin su, Akko V3 Pro ma haka, ana rubuta musu Dustproof. Wanda ya fi su duka kariya shi ne Kailh Box Brown, domin shi ba sandar kaɗai aka kewaye ba, fallayen ƙarfen ma an rufe su a wani ɗan ɗaki nasu daban a cikin gidan. Tudunsa ya fi na Brown na yau da kullum kaifi, kuma saukarsa milimita 3.6 ce. Amma ka tuna ƙafafunsa na Kailh ne, ba zai shiga matsattsen soket ba. Katangar ba ta hana ƙura gaba ɗaya, tana rage ta ne. Kyalle mai tsabta da za ka riƙa rufe kibod da shi idan ka tashi yana yin aikin da ya kai nata, kuma kyauta ne.

Mataki na biyar: wa ke zaune kusa da kai

Mai tudu ba shiru gare shi ba, ƙarar bugun ƙasa da ta komawa sama suna nan. A shago da janareta ke ruri wannan ba komai ba ne. Amma ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da mutum uku, ko mai aikin dare a gida yara na barci, ya nemi masu shiru, waɗanda aka sa wa 'yar roba mai laushi a jikin sanda. Boba U4 shi ne sananne, Outemu Silent Lemon kuma ya fi shi araha. Dukansu daga masana'antar Outemu suke fitowa, siraran ƙafafu gare su, don haka suna daga cikin zaɓin mai matsattsen soket. Ka kula da sunan: U4 shi ne mai shiru, U4T mai ƙara ne. Kuma kada launi ya yaudare ka. A tsarin Cherry shuɗi yana nufin mai ƙyas-ƙyas, ja mai santsi, ruwan ƙasa mai tudu, amma sauran kamfanoni ba su bin wannan a duk kayansu. Cream Blue na Akko shuɗi ne kuma mai tudu ne. Karanta bayanin, ka bar launi.

Mataki na shida: sayi kaɗan ka gwada

Sayen suwic 90 saboda ka ji ƙararsu a bidiyo cinikin biri a sama ne. Ƙarar da ka ji ta kibod ɗin mai bidiyon ce, da hulunan madannansa, da teburinsa, da makirufonsa. Tudu kuma ba a jin sa da kunne.

Zaɓi iri biyu ko uku daga abin da ya dace da soket ɗinka, ɗaya mai ƙaramin tudu, ɗaya matsakaici, ɗaya babba, ka sayi goma-goma. Ana sayar da wani ɗan faranti mai suwic iri-iri guda ɗai-ɗai don gwaji, yana da amfani wajen cire waɗanda ba ka so sam, amma danna madanni ɗaya da babban yatsa ba bugun rubutu ba ne. Gwajin gaskiya shi ne ka sa goman a haruffan da Hausa ke yawan ci. Harafin a ya fi kowanne aiki a rubutunmu, kuma a tsarin bugu da yatsu goma ɗan ƙaramin yatsan hagu ne ke ɗauke da shi, wanda shi ne mafi rauni. Sa sababbin a haruffan a, n, i, k, u, s, d, y, r da m, ka yi aikinka na yau da kullum kwana biyu ko uku, sannan ka canja zuwa iri na gaba. Idan ɗan yatsan nan ya yi tsami da yamma, suwic ɗin ya yi maka nauyi, komai daɗinsa a sauran yatsu.

Kafin ka sa su, riƙe ɗaya kusa da kunne ka danna a hankali. Saurari ko akwai ƙarar gogayya, ko sifirin yana ƙarar ƙarfe bayan ka saki. Kama sandar ka girgiza ta hagu da dama ka ga yawan rawarta. Danna goman ɗaya bayan ɗaya ka ji ko nauyinsu ɗaya ne. A kayan araha rashin daidaito tsakanin wannan da wancan ya fi komai damun hannu.

Idan kuna da yawa, ku haɗa kai. Masu shaguna huɗu a layi ɗaya kowa ya sayi iri ɗaya, ku riƙa musanya, kowa ya gwada huɗu da kuɗin ɗaya. Goman da ba ka zaɓa ba ma ba a zubar da su. Mafi nauyinsu ya dace da dogon madannin tazara, domin hularsa tana da nauyi kuma babban yatsa ne ke dukansa. Cherry da kanta ta kasance tana sa suwic mafi nauyi a wannan wurin a wasu kibod ɗinta.

Mataki na bakwai: lissafi da saye

Kada ka kwatanta farashin kwali da kwali. Haɗa kuɗin kaya da na aikowa, ka raba da adadin suwic, ka sami kuɗin guda ɗaya a hannunka. Kwali mai 45 da ya yi kamar ya fi tsada yakan fi ɗaurin goma-goma sauƙi idan an raba. A kasuwar duniya masu araha irin Outemu da Gateron Brown da Akko ba su kai rabin dala ɗaya ba kowanne, masu tsada irin Zealios kuwa sukan kai dala guda. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ke zuwa daga waje yake motsi, don haka ka duba canjin ranar da za ka biya. Bambancin da ke tsakanin kibod na roba da suwic mai araha babba ne, wanda ke tsakanin mai araha da mai tsada kuwa ƙarami ne, sai wanda ya daɗe a harkar ke gane shi. Wajen daɗewa ma, masu arahar ana yi musu alƙawarin dannawa miliyan 50.

Da wuya ka sami suwic zalla a shagon kayan kwamfuta a Kebbi ko Zamfara. Hanyoyin su ne kasuwar intanet ta AliExpress, inda aka fi samun zaɓi amma ana jira makonni, ko masu sayarwa na Kano da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, waɗanda za su ba direba ya kawo maka tasha. Idan daga waje ne, nemi shagon kamfanin da kansa ko mai sayarwar da ya daɗe, ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ba na talla ba. Idan na cikin gida ne, ka ce ya ɗauko maka hoton ƙasan suwic ɗin da na samansa. A ƙasan za ka ƙirga ƙafafu, a saman kuma za ka ga sunan kamfani a jikin gidan. Ka yi hattara da sunan Holy Panda, domin masu sayarwa da dama suna liƙa shi a kan kaya daban-daban. Ka roƙi a sa maka su a kwali ko roba mai tauri. Suwic da aka zuba a leda aka jefa a but ɗin mota daga Legas zuwa Yawuri, da yawansu za su iso da lanƙwasassun ƙafafu.

Mataki na takwas: sakawa

Ɗauki hoton kibod ɗin da waya don ka san inda kowace hula take. Cire shi daga kwamfuta, idan mai batir ne ka kashe. Ɗage hulunan, ka yi amfani da damar ka share ƙurar da ke kan farantin da suwic ke zaune a cikinsa da buroshi busasshe. Kowane suwic yana da 'yan maƙalai biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Sa bakin hantsaki a kansu, matse, ka ja sama a miƙe ba tare da murɗawa ba.

Kafin ka sa sabo, dubi ƙafafunsa biyu na ƙarfe. Idan ɗaya ta karkace, miƙe ta a hankali. Daidaita su da ramukan, ka danna da yatsa har ka ji ya zauna. Idan ya yi gardama, tsaya, zare ka duba. Ƙarfi a nan yana iya ɓalle soket daga bayan fanel, kuma wannan sai an koma wurin mai dalma. Kada ka mayar da huluna sai ka haɗa kibod da kwamfuta, ka buɗe Notepad, ka danna kowanne. Wanda bai ba da harafi ba, kusan kullum ƙafa ce ta naɗe a ƙarƙashinsa. Zare, miƙe, mayar.

Idan bayan ka gama ka ji dogon madannin tazara ko Enter ko Shift suna ƙarar kwaramniya, ba laifin suwic ba ne. Wata waya ce ta ƙarfe da ke ƙarƙashin dogayen madannai don daidaita su, ita ke rawa, kuma ɗan giris mai kauri a bakinta yana kashe ƙarar.

Maganar shafa mai a cikin suwic kuwa, shawarata ga mai farawa ita ce ya bari. Yawancin sababbin suwic suna zuwa da ɗan mai daga masana'anta. Idan daga baya ka so yi, mai na musamman ake amfani da shi, irin Tribosys 3203 ko Krytox 205g0, a shafa kaɗan ƙwarai da siririn buroshi a gefen sanda inda take gogar gida. Kada ya taɓa 'yan ƙafafun sanda biyu da ke fuskantar fallen ƙarfe, domin a jikinsu tudun yake, idan suka sha mai tudun da ka biya kuɗi dominsa zai dushe. Man keken ɗinki, da baƙin mai, da basilin, da man gyaɗa, duk ka nisanta su da kibod. Wasu suna cin roba, wasu suna daskarewa su yi danƙo, kuma dukansu suna kama ƙura.

Ragowar suwic ɗin ka zuba su a kwalba mai murfi tare da hantsakin, ka ajiye a aljihun tebur. Ranar da wani harafi ya fara fitowa biyu-biyu, zare suwic ɗinsa ka sa sabo, aikin minti ɗaya ne ko da kwastoma na tsaye. Wanda ka cire ɗin kuma ka ɗiga masa sinadarin da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi ta gefen sanda, ka danna shi sau da yawa, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka gwada shi a wani madannin da ba a cika taɓawa ba.